Maciji na zuwa gindin randata, in sa a kashe shi ko in bar shi?

"Salamu alaikum Baba, ina wuni, ya aiki. Ina nan Tawa, gidanmu na bakin gari wajen sabbin filaye. Tun da damana ta sauka sau uku ke nan ina ganin wani maciji ruwan ƙasa gindin randa da wajen akurkin kaji, shekaranjiya kuma na tsinci saɓarsa cikin ɗakin da muke aje hatsi. Wani tsoho maƙwabcinmu ya ce irin na gida ne ba ya da dafi, ɓeraye yake ci, in bar shi. Maigida ya tafi bida Abijan, ni kaɗai ce da ɗiya uku ƙanana. Don Allah in sa a kashe shi ko in bar shi? Kuma mi zan yi kar ya shigo mana ɗaki? An ce in yayyafa girezil, maganin nan mai wari da ake zubawa a bayi, gaskiya ne yana korarsu?"

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya tsare ki da yaran, ya dawo da maigida lafiya. Tambayarki kashi biyu ce in na fahimta, ta farko ko a yarda da zaman wanga maciji cikin gida tunda an ce marar dafi ne, ta biyu kuma yadda za a yi ya tsaya can waje. Na yi shekaru ina aikin gandun daji a cikin jihar nan, kuma ko da ba shi ne ainihin aikina ba, kiran "ku zo maciji ya shigo" na amsa shi ba adadi, daga gidajen cikin gari har garake na albasa, to abin da na gani da idona shi zan faɗa miki.

Tsohon nan mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Yawancin macizan da ake gani cikin gidaje ba su kashe mutum. Wasu masana biyu, Jean-François Trape da Youssouph Mané, sun tara macizai sama da 1700 daga sassan Nijar suka fitar da bincikensu a 2015, lissafinsu ya ba da iri 51 a ƙasar nan, kuma cikin waɗannan masu haɗarin gaske 'yan kaɗan ne, su kububuwa da ake ma kirari gobe da nisa, da kasa, da kumurci, da gamsheƙa da 'yan'uwansu. Sauran dai suna nan suna neman abincinsu. Akwai wanda na fi zato shi ne naki, ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi mai sheƙi, santsi gare shi, tsawonsa ba ya cika wuce mita ɗaya, da dare yake fita, yana kama ɓera ya nannaɗe shi har ya mutu sannan ya haɗiye. Akwai siririn nan mai zane-zane a baya da ke wucewa da rana kamar kibiya yana bin ƙadangaru. Akwai ɗan ƙaramin nan kamar tana da ake tonowa cikin ƙasa mai laima, shi gara da ƙwan tururuwa yake ci, bakinsa ma bai isa ya kama fatar mutum ba.

Amma fa ɗiyata, daga saƙo ba a yanke ma maciji hukunci, ko hoto ne sai ya fita sosai, kuma ba ni so ki ɗora ran ɗiyanki kan "an ce". Dalilina shi ne alamomin da mutane ke riƙewa suna ruɗi. Ana cewa mai dafi kansa na da kusurwa uku, to kumurci da gamsheƙa kansu ba haka yake ba, kuma marasa dafi da yawa in sun tsorata sai su baje kai su yi kama da kububuwa. Ana cewa a duba ƙwayar ido in a tsaye take kamar ta mussa to mai dafi ne, alhali shi macijin gidan nan mai cin ɓera ma haka idonsa yake, kuma wa ma zai duƙa yana leƙen idon maciji da dare? Akwai wani mai cin ƙwan tsuntsaye wanda ko haƙoran kirki ba ya da su, amma launinsa irin na kububuwa sak, har yadda take nannaɗewa tana goga jikinta yana ba da ƙara kamar an zuba ruwa cikin mai mai zafi, shi ma haka yake yi. Sannan ga wanda ya fi ba ni tsoro, wani ɗan baƙi gajere mai ƙaramin kai da ke zama cikin ƙasa yana fitowa bayan ruwa, ganinsa kamar ba komai, amma ko an riƙe shi ta bayan kai yana iya fiddo haƙori ɗaya ta gefen baki ya soki yatsa, kuma dafinsa na ɓata yatsa ƙwarai. Na ga saurayin da wannan ya sama don ya ɗauka na wasa ne. Saboda haka ƙa'idata guda ce, kowane maciji a ba shi hanya, kar a taɓa shi da hannu, ko da kuwa duk unguwa ta shaida marar dafi ne.

Mi ya kawo shi

Maciji ba ya zuwa gida don mutane. Abu uku ke jawo shi, abinci da maɓoya da sanyin laima. Ki duba wuraren da kika ambata da kanki, gindin randa, akurki, ɗakin hatsi. Gindin randa ƙasa ce mai sanyi kullum kuma da damana kwaɗi na taruwa nan. Akurki akwai tsaba da ke zubewa, ɓera na zuwa cin tsabar, ga ƙwai ga 'yan tsaki. Ɗakin hatsi kuwa ba sai an faɗa ba. Ga shi kuna bakin gari, sabbin filayen nan da ake yankawa ana gini da gonaki ne da daji, macizan muka tarar a wurin, in ruwa ya cika musu ramuka tsakanin Yuni da Satumba dole su nemi tudu, kuma gidanki tudu ne mai rufi. Lokaci na biyu da suke yawaita shi ne kaka, in an shigo da dammunan hatsi da kara da harawa daga gona, wani lokaci ma cikin damin ake ɗauko shi a kawo shi har gida bisa amalanke.

Saɓar da kika tsinta na nufin ya samu wurin da hankalinsa ya kwanta, don sai inda ba a damunsa yake tsayawa ya tuɓe. Ni a wajena wannan saɓar labarin ɓeraye take ba ki. In kika sa aka kashe shi yau, ɓerayen na nan, ramukan na nan, laimar na nan, wani zai zo ya gaje wurin, kuma ba ki da tabbas wanda zai zo ba kumurci ba ne, shi ma ɓera da kwaɗi da 'yan tsaki yake so. Na sha gani, gida ɗaya a kira mu sau uku cikin damana guda, kowane zuwa an riga an kashe ɗaya, amma tulin tubali da tsohon kwano na nan jingine da bango ba wanda ya taɓa su.

Kuma wajen kisan nan ake yawan samun sara. Yara maza su taru da sanduna da duwatsu, a rutsa shi a lungu, shi kuma ba ya da sauran mafita sai ya kare kansa. In kumurci ne ma ba sai ya matso ba, daga nisan mita biyu yana feso dafi cikin ido. Ko an sare kan ma a bar shi, kan maciji na iya sara bayan an raba shi da jiki, kar yaro ya ɗauka yana nuna ma abokai. Ta fannin addini kuma akwai hadisin Abu Sa'idil Khudri cikin Sahihu Muslim kan macizan da ke zama cikin gidaje, inda aka ce a yi musu gargaɗi kwana uku kafin a kashe, malamai sun yi bayani mai yawa kan ko hukuncin na Madina ne kaɗai ko ko'ina, wannan ki tambayi malamin unguwarku ya fi ni sani, na kawo shi ne don ki ga ko can ba a ce da an gani a rufe shi da duka ba.

To amsar kashi na farko, in dai a waje yake, bayan gida ko wajen danga, a ƙyale shi, aiki yake miki. Amma cikin tsakar gida inda yara ke rarrafe, da ɗakin kwana da ɗakin hatsi, nan ban yarda ya zauna ba ko wane iri ne. Kuma abin da ke fitar da shi ya hana shi dawowa gyaran gida ne.

Gyaran gida

Ki fara da ɗakin hatsi, da rana tsaka, da takalmi rufaffe a ƙafarki da dogon sanda, kuma ki samu babban mutum ya taya ki, yaran a kai su maƙwabta. A fitar da komi waje ɗaya bayan ɗaya, ana fara taɓa buhu da sanda kafin a sa hannu, kuma in za a ɗaga abu a ɗaga shi ta yadda buɗewar za ta kalli can gaba, ba wajen ƙafafunku ba. A bar ƙofa buɗe kar kowa ya tsaya a bakinta, in yana ciki zai fita da kansa. Bayan nan hatsin a zuba shi cikin duro na ƙarfe mai murfi in da hali, in babu a ɗora buhunan bisa katako ko tubali su tashi daga ƙasa, a bar tazara tsakaninsu da bango yadda tsintsiya za ta wuce kuma ido zai ga bayansu. Ɓeraye a sa musu tarko. Ban cika son maganin ɓera a gidan da ke da ƙananan yara da kaji ba, haɗarinsa ya fi na macijin da muke magana kansa.

Sai toshe ƙofofi, kuma nan ne mutane ke yin sakaci. Duk ramin da ɗan yatsanki zai shiga, ƙaramin maciji zai shiga. Ki bi bangon ɗakunan ciki da waje a tsanake, musamman gindin bango inda ruwa ya ci, da tsagewar laka, da ramukan ɓera, a cika su da tsakuwa da fasassun kwalba sannan a shafe da siminti, don laka zalla ɓera na sake hudawa cikin kwana biyu. Ƙasan ƙofa shi ne babbar hanya, yawancin ƙofofin ƙarfen nan namu akwai sarari ƙarƙashinsu da hannu ma zai shiga, ki sa mai walda ya ƙara masa ƙarfe ko a buga masa guntun robar taya, ko a ɗaga dokin ƙofa da siminti. Kafin a samu yin haka, tsohon buhu ko tsumma a nannaɗe a cusa da dare ya fi babu. Rariyar da ruwan wanka da na tsakar gida ke fita ta cikinta a sa mata raga ta ƙarfe mai ƙananan idanu, waɗanda ba su wuce milimita 5 ko 6 ba, ruwa ya wuce, maciji da kwaɗo su tsaya. Tagogi ma haka. Ki ɗaga kai kuma ki dubi inda kwano ya haɗu da bango, da reshen bedi ko wani icce da ya kwanto bisa rufi, a sare shi, macizai da yawa na hawa sosai, kuma in akwai sheƙar tsuntsaye ko tantabaru a nan to dalili ya samu.

Tsakar gida da kewayenta kuma a bar su fili. Maciji ba ya son ratsa wuri a buɗe, don shaho da sauran tsuntsaye na ganinsa. A nome ciyawa ko da taku uku ne ko huɗu daga bango ta waje, a share. Itacen girki da kara da ragowar tubalin gini da tsofaffin tayoyi a kai su can nesa da ɗakin kwana, itacen a ɗora shi bisa wani abu kar ya kwanta ƙasa. Randa ki ɗora ta bisa ƙarfe mai ƙafa ko a yi mata dakali na siminti, kar ruwa ya riƙa kwanciya gindinta, haka wajen wanke-wanke da wajen alwala. Akurki a matsar da shi ƙarshen gida, a kwashe ƙwai kullum, a ba kaji tsaba da safe daidai wadda za su cinye kar ta kwana ƙasa. In kina da zabi ki riƙe su, ba wai suna hana maciji zuwa ba, amma da sun gan shi za su cika gida da kuka, sun sha nuna mini inda yake. Mussa kuma tana rage ɓera.

Maganar girezil

A'a, kar ki dogara da shi. Girezil da gazuwal da kananzir da baƙin mai, da ƙona taya ko ƙaho, da tafarnuwa da gishiri da toka, har da saiwar sanya da tsofaffi ke ratayawa, duk na ga gidajen da aka yi su kuma aka sake kiranmu. Gaskiya ne in an watsa ma maciji girezil a jiki zai gudu don yana ƙona shi, daga nan mutane suka ɗauka warin ne ke korarsa, amma wanda aka yayyafa gindin bango rana ɗaya ta Tawa ta isa ta busar da shi, ruwa ɗaya ya wanke shi. Abin da ya rage sai yaro mai rarrafe ya sa hannu ya kai baki, ko kaji su tsattsaga. Kuma babbar illarsa ita ce hankali ya kwanta, a ce ai an sa magani, a bar ramin ɓera a buɗe. Kuɗin girezil ɗin ki haɗa ki sayi siminti ko da rabin buhu ne da ɗan guntun raga.

Yaran fa

Wanga shi ne ya fi damuna cikin saƙonki. Ki zaunar da su ki gaya musu a hankali ba da firgitarwa ba, in sun ga maciji su tsaya, su ja da baya sannu, su kira ki, ba jifa ba bi. Maciji ba ya bin mutum, in kin ga kamar ya biyo ki to raminsa na bayanki ne, ki kauce gefe. Ba ya da kunne irin namu amma yana jin motsin ƙasa, shi ya sa tafiya da ƙarfi ko buga sanda ke sa mafi yawansu su gusa tun ba a gan su ba. Kasa ce ba ta gusawa, tana kwance abinta har a taka ta, ita da kububuwa su ne dalilin da ya sa ba a fita da dare ba fitila ba takalmi, ko zuwa bayi ne, ko fitilar waya ce a haska. Kar su sa hannu cikin rami ko suri wai neman gafiya ko bushiya. Da safe a kakkaɓe takalmi, wannan ma don kunama. Kwana kuma, na san zafi na sa a shimfiɗa tabarma tsakar gida, to in da gado a hau gado, in babu a ɗaura sange a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta ko'ina, sangen nan da ake rabawa don sauro yana tare maciji da kunama ma.

In kin tarar da shi cikin ɗaki, ki fitar da yara, ki bar masa ƙofa buɗe, ki tsaya nesa inda kina ganinsa don kar ya ɓace miki cikin kaya. Sau da yawa minti kaɗan ya isa ya fice. In ya ƙi, ki rufe ɗakin ki toshe ƙasan ƙofa ki aika a kira ma'aikatan gandun daji ko wani babba da ya saba. Mu yadda muke yi, doguwar tsintsiya ko sanda mai lanƙwasa, da babban bokiti mai murfi a kwantar da shi gefen bango, shi da kansa yake shiga don duhu yake nema, a rufe a kai shi daji nesa da gidaje. Ban ce ki gwada ba, na faɗa ne don ki san abu ne mai yiwuwa ba sai an zubar da jini ba. Wanda ya ɗaga kai ya baje wuya, ko mai ƙarar nan ta goga jiki, ko gajere mai kauri da ke huci, waɗannan kam kar kowa ya matsa sai wanda ya san aikin.

In tsautsayi ya faɗa

Allah ya kiyaye, amma gara ki sani. Ni ba likita ba ne, abin da likitoci suka koya mana kuma na ga amfaninsa shi ne, duk saran maciji a ɗauke shi kamar na mai dafi har sai asibiti ta ce ba shi ba ne. A kwantar da wanda aka sara, a cire zobe da awarwaro da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗaure ƙafar ko hannun da ɗan katako sako-sako don kar ya riƙa motsi, a ɗauke shi a kai likita mafi kusa nan take, kar ya taka da ƙafarsa in da yadda za a yi. Ba a ɗaure jijiya da igiya ko roba, ba a tsagawa, ba a tsotsa, baƙin dutsen nan da ake mannawa ba ya zuƙe dafi, kuma kar a tsaya neman macijin. In feshin kumurci ne a ido, ruwa mai yawa za a yi ta zubawa ana wankewa na tsawon lokaci sannan a tafi asibiti.

Abin da ke cutar mutanenmu jinkiri ne. Saran kububuwa da farko ba ya nuna tsanani, ɗan kumburi da zafi, mutum na magana yana cin abinci, sai a ce ai da sauƙi a tsaya jiƙe-jiƙe a gida, alhali dafin na can yana hana jini daskarewa, bayan kwana ɗaya ko biyu sai jini ya fara fita ta dasashi da tsohon miki da fitsari. A asibiti akwai gwaji mai sauƙi, su ɗebi jini su sa cikin busasshiyar kwalba su jira minti 20, in bai daskare ba sun san allurar kashe dafi ake bukata, kuma ita kaɗai ce maganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, ta ce yana kashe mutum tsakanin 81,000 da 138,000 kowace shekara a duniya, mafi yawansu manoma da makiyaya da yaran karkara irin namu. Tunda kina cikin Tawa babbar asibiti na kusa da ke, ki aje lambar mai moto ko mai adaidaita guda na unguwarku da za ki iya tasowa ko tsakar dare ne.

In kin sake ganinsa kuma yana nesa, ki ɗauke shi hoto daga inda kike ba tare da kin matsa ba, ki aiko mini, da hoton saɓar a shimfiɗe in ba ki yar da ita ba, sai in gaya miki abin da na gani. Ki gaida yaran da tsohon nan maƙwabcinku.